Ƙugin Amfilifaya da Ƙafar Fulogi ta Uku



Na san akwai waɗanda za su yi mamakin abin da na zaɓa in yi magana a kansa yau. A irin wannan zama an saba jin zancen siyasa da tattalin arziki da makomar ilmi, ni kuwa ga ni na zo da zancen ƙugin amfilifaya, wato gurnanin nan da lasifika take yi tun kafin kowa ya buɗe baki. To, ina roƙon ku yi mini haƙuri kaɗan. Ƙugin nan ƙaramin abu ne a kunne, amma maganin da aka fi yi masa a ƙasarmu yana iya kashe mutum, kuma waɗanda suka fi kusa da wannan haɗari su ne ladanai da limamai da makaɗa da masu sanarwa.

Duk wanda ya tashi a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san yadda lasifika ta shiga rayuwarmu. Da ita ake kiran salla, da ita ake tafsirin azumi da Maulidi, ba a biki ko taron siyasa sai da ita. Ranar Alhamis kuwa, in ka shiga kasuwar Maigatari, za ka ji masu tallar magani da masu cigiya kowa da tasa, tana neman ta danne ta ɗan'uwansa. Bayan kowace lasifika akwai amfilifaya, wato akwatin da yake ƙara ƙarfin murya. Mun saba da ƙuginsu har mun daina jinsa, sai ka ce yadda mai gida kusa da injin niƙa yake daina jin ƙarar injin.

Zan yi ta kawo misali da jita ta lantarki, ko da yake na san ba kayan kiɗanmu ba ce. Marigayi Haruna Uji na Haɗejia gurmi ya kaɗa, marigayi Ɗanmaraya Jos kuma kuntigi, irin waɗannan kuwa makirufo ake kara musu. Sai ka ƙetara iyaka, ka nausa arewa wajen Agadas, sannan ka tarar da jita ta zama abin biki a hannun samarin Buzaye irin su Bombino. Dalilin da ya sa na ɗauke ta shi ne babu kayan da yake tona asirin ƙugi kamarta. Wanda ya iya gano ƙugin amfilifayar jita, ta masallaci ba za ta ba shi wuya ba.

Bari mu fara da asalin abin. Wutar lantarkin da take shiga gidajenmu ba fuska ɗaya take bi kamar ruwan famfo ba. Kai da kawowa take yi a cikin waya, ta je ta dawo sau 50 a kowace daƙiƙa, da ƙarfin bolt 230. Kunnen ɗan Adam kuwa yana jin duk abin da yake kaɗawa daga wajen sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Kun ga ke nan kaɗawar wutar gida tana cikin abin da kunne yake ji, matuƙar ta sami hanyar shiga lasifika. Hanyar kuwa ba ta da wuyar samu, domin abin da makirufo ko jita yake aika wa amfilifaya ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai wuce 'yan kashi cikin dubu na bolt ɗaya ba ga makirufo, aikin amfilifaya kuma shi ne ta riɓanya shi sau ɗaruruwa ko dubbai. Ba ta da hankalin da za ta bambanta muryar ladan da ɓurɓushin wutar da ya saɗaɗo. Abin da aka ba ta shi take ƙarawa.

Saboda haka aikin farko na kunne ne, ba na sukudireba ba. Ƙarar da lasifika take yi iri-iri ce, kuma kowace da mafarinta. Akwai ƙugi mai kauri can ƙasa-ƙasa, kamar na babbar mota tana tsaye nesa. Wannan shi ne na sau 50, kuma yawanci daga waje yake shigowa. Akwai wanda ya ɗan fi shi siranta, na sau 100, wanda yawanci daga cikin amfilifayar yake. Mai jita yana iya gane shi cikin sauƙi: in ya danne tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta uku ya kaɗa, sautin da zai fita yana kaɗawa sau 98, wato kusan daidai da wannan ƙugi. Akwai kuma ziza mai kaifi kamar ta ƙudan zuma, wadda ƙananan kayan zamani suke haddasawa, irin su cajar waya mai araha da ƙwan fitila marar kyau da inbata ta sola. Ihun nan kuwa da lasifika take tsalawa in an kusantar da makirufo gare ta, shi ba ƙugi ba ne, murya ce take zagayawa daga lasifika ta koma makirufo, maganinsa a raba su ko a rage murya. Haka ma tsalle-tsallen ƙarar da ake ji gab da kira zai shigo wayar hannu, wanda muka sani tun zuwan wayar salula Nijeriya a 2001: a nisanta wayar, shi ke nan.

In an gane irin ƙarar, sai a shiga raba gardama. A cire duk abin da aka soka wa amfilifaya, makirufo ne ko jita ko rediyo, a bar ta ita da lasifika kaɗai, a mayar da maɓallin murya ƙasa ƙwarai. In ƙugi ya ɓace, amfilifaya ba ta da laifi, a nemi mai laifi a waje. In yana nan daram, to ciwon a cikinta yake.

Ciwon ciki kusan kullum wuri ɗaya yake fitowa. Amfilifaya ba ta iya aiki da wuta mai kai da kawowa, sai ta miƙar da ita tukuna. Wajen miƙarwar nan wutar takan fito tudu-tudu, sau 100 a daƙiƙa, sai a sa wasu manyan kwandansa su cike kwarin da ke tsakanin tuddan, kamar yadda randa take riƙe ruwa tsakanin zuwan mai garuwa da dawowarsa. Kwandansan nan akwai ɗan danshin magani a cikinsu, zafi kuwa yana busar da shi. Masu ƙera su suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansu. To ku tuna da watan Afrilu a Gumel ko Gagarawa, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a inuwa, sannan ku tuna inda muke ajiye amfilifaya: cikin akwatin katako a kulle saboda ɓarayi, ƙarƙashin rufin kwano, an kuma lulluɓe ta da darduma saboda ƙura. Kwandansan da ya bushe wani lokaci za a ga kansa ya kumbura. Canja shi ba tsada, amma aikin mai gyaran rediyo ne, domin yana riƙe wuta ko bayan an cire fulogi. A tsofaffin amfilifayun jita masu bawul na gilashi, wutar da take maƙale a ciki takan kai bolt 400 ko fiye.

Wani lokaci kuma kwandansa lafiyarsa lau, wutar ce ta zo da rauni, musamman da magariba in kowa ya kunna kayansa, ko a unguwar da take nesa da taransifoma. Janareta ma yana da nasa hali. Ƙananan nan da muke amfani da su sai sun juya sau 3,000 a minti kafin su ba da wuta mai kaɗawa sau 50, don haka in an ɗora musu nauyi suka sassauta, za ka ji ƙugin yana sauka yana hawa tare da kukan injin. Akwai wata hanya mai sauƙi ta gane ko daga wutar ne. Da yawa daga amfilifayun masallatai, irin su Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan, suna da wurin haɗa batir a bayansu. A cire fulogi, a haɗa batirin da ya dace da ita. Batir fuska ɗaya wutarsa take bi, ba ya ƙugi. In aka ji tsit, an san ta gefen wutar gida matsalar take.

To, mu dawo ga ƙugin da yake shigowa daga waje, wanda shi ne ya fi yawa. A mayar da abubuwan da aka cire ɗaya bayan ɗaya, ana saurare. Wanda aka soka ƙugi ya dawo, shi ne. Sau da yawa ba makirufo ko jitar ba ce, wayarta ce. Wayar sauti ba kamar wayar fitila take ba: tana da siririyar waya a tsakiya wadda take ɗaukar murya, sannan an saƙa mata riga ta jan ƙarfe a kewaye, wadda take kare ta daga ɓurɓushin wutar da ke yawo a ɗaki. In an yi ta takawa ana naɗewa ana fizga, rigar nan takan tsinke, galibi a gindin kan da ake sokawa. Mu kuwa in waya ta gaza tsawo sai mu ƙara ta da wayar fitila mu naɗe da leda, mu kuma bi da ita bango ɗaya da wayar wuta har tsawon sahu goma. Wannan gayyatar ƙugi ce da goron gayyata. Wayar makirufo mai tsawo kamata ya yi ta zama mai kai mai ƙafa uku, wadda take ɗaukar murya ta waya biyu, ta yadda ƙugin da ya shiga ɗaya ya shiga ɗayar daidai wa daida, amfilifaya ta soke su da juna. In kuma dole ta haɗu da wayar wuta, ta gitta ta, kada ta jera da ita.

Ita jita tana da wani abu na daban. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar waya sau dubbai, shi yake ɗaukar kaɗawar tsirkiya ya mai da ita lantarki. Amma naɗin nan bai san tsirkiya kaɗai ba, duk taransifoma ko fanka ko sitabilaiza da ke kusa yana jin su. Shi ya sa mai jita in ya juya gabas ƙugi ya ƙaru, in ya juya kudu ya ragu, in ya matsa daga amfilifayarsa taku uku ya kusa ɓacewa. Jitar Stratocaster ta kamfanin Fender, wadda ta fito a 1954, ta shahara da wannan hali. A 1955 wani injiniyan kamfanin Gibson a Amurka, Seth Lover, ya haɗa naɗi biyu da suka saɓa wa juna, ta yadda kiɗan yake haɗuwa ya ƙaru, ƙugin kuwa ya kashe kansa da kansa. Dabara ɗaya ce da ta wayar makirufo mai ƙafa uku.

Ga kuma abin da nake so kowa ya riƙe, domin daga nan zancen zai sauya. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, ta cikin rigar wayar nan da na ambata. Da gangan aka yi haka, shi ya sa in mai jita ya ɗora hannu a kansu ziza takan ragu; in kuwa ƙaruwa ta yi, to wata waya ta tsinke a cikin jitar ko an juya haɗinta. Haka nan jikin makirufo na ƙarfe, a haɗe yake da jikin amfilifaya. Ma'ana, wanda ya riƙe makirufo ya riƙe amfilifaya da hannunsa. Duk abin da ya hau jikinta ya hau jikinsa.

Me zai hana wuta ta hau jikinta? Ƙafar fulogi ta uku. Fulogin da muka gada daga Ingila ƙafa uku gare shi: ɗaya ta wuta, mai jar waya a da, mai ruwan ƙasa a yanzu, ɗaya ta komawa, baƙa a da, shuɗiya a yanzu, sai doguwar ta sama, mai waya kore da rawaya, wadda take haɗa jikin na'ura da ƙasa. Ita wannan ba ta aikin komai a ranar lafiya. Ranar da wata waya ta goge a ciki ta taɓa jikin akwatin, ranar ce take kwashe wutar ta kai ƙasa, maimakon ta jira wanda zai taɓa.

Matsalar ita ce akwai wani irin ƙugi da wannan ƙafa take da hannu a cikinsa. In an haɗa na'urori biyu da wayar sauti, misali amfilifaya da kwamfuta ko mikisa, kowace kuma an soka ta a soket dabam, to an yi wa ƙasa hanya biyu, sun zama zobe. 'Yar ƙaramar wuta takan riƙa zagaya zoben nan, ta bi ta rigar wayar sauti, ta fito a lasifika. Wani mai gyara, ko wani yaro mai ƙoƙari a unguwa, sai ya gano cewa in ya karya doguwar ƙafa ko ya cire koriyar waya, ƙugi ya ɗauke nan take. Jama'a su yi masa sannu da aiki. Lalle ƙugi ya tafi, amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Maganin gaskiya ba shi da wuya: a soka dukkan kayan sauti a soket ɗaya ta hanyar doguwar waya mai baki da yawa wadda ƙafarta ta uku take aiki, in kuma hakan bai isa ba a sa 'yar ƙaramar taransifoma ta raba sauti a tsakanin na'urorin biyu. Zoben a wayar sauti ake yanke shi, ba a wayar wuta ba.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wata hanya ta biyu ta rasa ƙafar nan ba tare da mun karya komai ba. Kayan da suke shigowa ta Maigatari daga ƙasar Damagaram yawanci fulogin Faransa gare su, mai ƙafa biyu zagayayyu. A tsarin Faransa ƙafar ƙasa a jikin soket take, fulogin rami kawai yake da shi. Mu kuwa sai mu sa tsinke mu danne ramin sama na soket ɗinmu, mu cusa ƙafa biyun da ƙarfi. Na'ura ta kama, amma babu abin da ya haɗa ta da ƙasa. Gyaran wannan bai wuce a yanke kan a sa fulogi mai ƙafa uku ba, a kuma haɗa waya ta ukun inda ya kamata.

Kada wani ya ce ina tsoratarwa ne. A 1972, a garin Suwansi na Birtaniya, wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa yadda ya kamata ba, ya mutu a gaban 'yan kallo yana ɗan shekara 27. A 1976 wani mawaƙin, Keith Relf, ya mutu a gidansa yana kaɗa jita ta lantarki. Lissafin kuwa ba ya bukatar digiri. Wutar da ta kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, wato miliamfiya 1, mutum yana jin ta tana tsikararsa. Ta kai 10 zuwa 15, hannu yakan ƙanƙame ya kasa saki. Ta wuce 50, tana iya rikita bugun zuciya. Busasshiyar fata tana tare wuta ƙwarai, amma jiƙaƙƙen jiki ƙarfin tarewarsa yakan sauko wajen om 1,000. Ku raba bolt 230 da om 1,000, za ku sami miliamfiya 230. Yanzu ku dubi ladan da asuba: ya fito daga alwala, hannu da ƙafa a jiƙe, ba takalmi, yana tsaye a kan siminti, ya kama makirufon ƙarfe ya kai bakinsa. Ban san wani mutum da ya cika sharuɗɗan haɗarin nan kamarsa ba.

Ko da ƙafa ta uku tana nan, sai an tambaya ina ta nufa. A gidaje da masallatai da yawa, in ka buɗe soket za ka tarar ba a ja koriyar waya ba sam, domin mai aikin waya ya rage kuɗi, ko mai gini ya ce a rage. Inda aka ja ta kuma, ƙarshenta sandar jan ƙarfe ce da aka kafa a ƙasa, a nan kuwa ƙasarmu tana da nata hali. Sunan jiharmu ma, da aka ƙirƙira a 1991, daga jigawa ya samo asali, wato tudun rairayi. Busasshen rairayi ba ya karɓar wuta sosai. Sandar da ta yi aiki a watan Agusta tana iya zama ado kawai a watan Maris, in danshi ya gudu ƙasa. Mu ɗauka ƙarfin tarewar ƙasar ya kai om 100: wutar da za ta bi sandar amfiya 2.3 ce kawai, fis ɗin fulogi kuwa na amfiya 13 ne, ba zai ƙone ba, jikin amfilifaya zai zauna da wuta yana jira. Shi ya sa masu aikin waya suke zurfafa sanda ko su kafa fiye da ɗaya, wasu su zuba gawayi da gishiri a ramin, ko da yake gishiri yana cin ƙarfe a hankali. Wuri mai danshi, kamar kusa da magudanar ruwan alwala, ya fi dacewa da ita. Amma abin da ya fi duk wannan shi ne bireka mai gane yoyon wuta, wadda take auna abin da ya fita da abin da ya dawo, in ta ga bambanci ta katse wuta cikin ƙiftawar ido. A duba a ga an rubuta 30mA a jikinta. Tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci. Inda janareta ne yake ba da wuta, sai mai aikin waya ya haɗa jikin injin da sandar ƙasa, ya kuma gwada ya tabbatar birekar tana faɗuwa.

A nan ne nake da magana da yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi bayansu. Ku ne ake sa wa a kwamitin masallaci da na makaranta saboda kun yi boko, ku ne kuke rubuta takardar sayen kayan sauti na ɗakin taron ƙaramar hukuma. Abin da aka saba rubutawa shi ne amfilifaya ɗaya, lasifika huɗu, makirufo biyu. Ina roƙon a ƙara layi uku a ƙasa: sandar ƙasa da wayarta, bireka mai gane yoyon wuta, da ladan mai aikin waya wanda zai auna ya nuna muku awon da idonku. In an zo karɓar aiki kuma, kada a tsaya ga jin ƙarfin murya. A zare fulogi a ƙirga ƙafafunsa, a kwance shi a ga ko waya uku ce a ciki.

Kafin a yi wannan, akwai alamar da ba a jira da ita. In ladan ko mai waƙa ya ce makirufo yana ɗan tsikarar leɓensa, ko mai jita ya ce tsirkiya tana cizon yatsunsa, ko an kara testa a jikin amfilifaya ta kawo haske, a zare fulogi a lokacin, ba bayan salla ko bayan biki ba. A koma kan batir in amfilifayar tana karɓa, ko a yi amfani da makirufo marar waya, in babu ko ɗaya a yi kiran salla da baka har mai gyara ya zo.

Shugaba, a nan zan dakata. Na zo da fulogi biyu, ɗaya na Ingila ɗaya na Faransa, da guntuwar wayar makirufo da na feɗe don a ga rigarta. Suna kan teburin nan ga mai son dubawa bayan tambayoyi.